Tsohon Ma'auni da Sabuwar Ƙwaƙwalwa: Tarihin Awo da Gyara a Zangon Kumasi

Gabatarwa

Mai gyaran rediyo ko talabijin ko wayar hannu, kafin ya ɗauki ƙarfen narka dalma, mita yake fara ɗauka. Da ita yake gane ko wuta tana shiga, da kuma inda ta tsaya. Idan mita ta yi ƙarya, sai ya cire lafiyayyen sashe ya bar mai ciwo, mai kaya kuma ya biya kuɗin banza. Saboda haka na'urar awo ita ce jarin mai gyara na farko, kuma mai kyau daga cikinta tsada gare ta. A shekarun baya-bayan nan masu sana'ar lantarki a ƙasashe da dama sun ɓullo da dabarar raya tsofaffin na'urorin awo: su cire ƙwaƙwalwar da ta tsufa, su dasa wata 'yar ƙaramar kwamfuta a gurbinta. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin awo da gyara a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, tun daga zamanin fataken goro, domin a ga inda wannan dabara ta samu gurbi a cikinsa, da kuma sharaɗin da ba ta da amfani sai da shi.

Asalin Zangon Kumasi

Kalmar da mutanen Ghana ke furtawa "zongo" ita ce zango ta Hausa, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Tun a ƙarni na 18 fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da jaki da tufafin saƙi da kayan fata, su komo da goro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. Salaga ce babbar kasuwar, domin sarakunan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ba su cika barin baƙi su kutsa cikin dajin goro ba. Duk da haka akwai Musulmi a Kumasi tun kafin zuwan Turawa. Thomas Bowdich, wanda ya ziyarci birnin a 1817, da Joseph Dupuis a 1820, duk sun tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi masu faɗa a ji a fadar Asantehene Osei Bonsu.

Al'amura sun sauya bayan 1874, lokacin da rundunar Ingila ta shiga Kumasi ta ƙone shi. Ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta zuwa Kintampo da Kete-Krachi da wasu garuruwa, sannan a 1896 Turawa suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, da isowar jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903, ƙofar Kumasi ta buɗe ga baƙi. Tsofaffin sojoji da fatake da malamai da 'yan ƙwadago suka kafa unguwanni, aka naɗa Sarkin Zango. A yau Zangon Kumasi ya haɗa Hausawa da Mosawa da Dagwamba da Wangarawa da Kotokoli da Yarabawa da wasu, a unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su.

Awo a kasuwar dā

Cinikin da ya haifi zango ciniki ne na ƙidaya da awo. Goro ƙirga shi ake yi: ɗari guda shi ne ƙwarya, sannan a ɗaure shi cikin ganye a yi huhu. Zinariya kuwa auna ta ake yi. Garin zinariya shi ne kuɗin Asante, kuma kowane ɗan kasuwa yana yawo da ƙaramin ma'auninsa da duwatsun awo na tagulla, waɗanda maƙera ke zubawa da siffofi iri-iri. Wasu daga cikin waɗannan nauyaye-nauyaye sun samo tushe daga miskali, awon da 'yan kasuwa Musulmi suka kawo daga arewa, mai nauyin kimanin giram 4.5.

Abin lura shi ne yadda ake tabbatar da gaskiyar awo. Mai saye yana da nasa duwatsun, mai sayarwa yana da nasa, sai a auna da na wannan a sake aunawa da na wancan, har a daidaita. A cinikin goro ma baƙo ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Maigidan da ya sauke shi, da dillalin da ya haɗa cinikin, su ne lamuninsa. Ma'auni ba ya shaidar kansa, sai an gwada shi da wani wanda aka yarda da shi. Wannan ƙa'ida ita ce har yau take riƙe da dukkan na'urorin awo na lantarki, kamar yadda za a gani a gaba.

Daga maƙera zuwa Magazin

Zuwan mota ya kawo sabuwar sana'a. Maƙera da masu gyara, waɗanda a Ghana ake kira "fita", suka taru a kusa da wani tsohon rumbun makamai na sojan mulkin mallaka. Daga sunan wannan rumbu a Turance aka samu Magazin, kuma sunan ya bi su har bayan da aka mayar da su Suame, a arewacin birnin. Ƙiyasin da aka fi ambata ya nuna mutum kusan 200,000 ne ke cin abinci a Magazin na Suame, abin da ya sa yake cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka. Matasan zango da na arewacin Ghana suna cikinsu, wasu a koyon gyara, wasu a cinikin kayan gyara, wasu a sayen tsofaffin ƙarafa.

Tun farko aikin Magazin shi ne raba abu gida biyu: abin da ya mutu da abin da ke da sauran rai. A kan ƙashin babbar motar Bedford kafintoci ke gina jiki na katako. Injin da ya gaji a sauke shi, a ɗora wani na gwanjo, ko da na wata motar ce daban, a sassaƙa mazauninsa har ya zauna. Wannan hikima ta yi rana a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, lokacin da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, kayan gyara suka yi ƙamfa. Motoci da yawa da ya kamata a ce sun kwanta, hannun 'yan Magazin ne ya riƙe su a kan hanya. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe.

Jami'a ma ta shigo. A 1972 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi, wadda a yau ake kira KNUST, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe wani sashe a cikin Magazin ɗin kansa domin koya wa masu sana'a aiki da injunan sassaƙa ƙarfe da narka shi. Yawancin injunan da aka yi amfani da su na hannu ne, an sayo su daga Ingila bayan masana'antun can sun yi ritaya da su. Ke nan tun a lokacin an gane cewa tsohon inji mai inganci ya fi sabo maras ƙwari, in dai akwai mai iya kula da shi.

Shigowar lantarki

Gidan rediyo na farko a ƙasar, wanda aka sani da ZOY, ya fara aiki a Akra a 1935, kuma daga baya Hausa ta shiga cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa ke watsa shiri da su. Talabijin ya zo a 1965, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo. A Tema aka riƙa harhaɗa rediyon Akasanoma. Wayar hannu ta shigo a 1992. Kowace daga cikin waɗannan na'urori ta haifar da nata masu gyara, kuma a nan ido da kunne ba su wadatar ba. Makanike yana iya jin ciwon inji daga ƙararsa, amma wutar da ke gudana a cikin waya ba a ganin ta. Dole sai da mita mai auna ƙarfin wuta da gudunta, da kuma osiloskop, na'urar da ke zana kaɗawar wutar a kan gilashi yadda ido zai gani.

Mota ma ba ta tsira ba. Daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar ƙaramar mota tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, mai kafar sadarwa mai baki 16, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur. Da waɗannan motoci suka fara isowa Tema a matsayin gwanjo, sai ƙwararren makanike mai shekara talatin a sana'a ya wayi gari mota tana gabansa, ba ya iya sanin ciwonta sai da na'urar karanta kwamfutarta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar raya Magazin, SMIDO, wadda aka kafa a 2006, ta ba da muhimmanci ga koyar da kwamfuta da binciken mota ta hanyar lantarki.

Yadda na'urar awo ta samu ƙwaƙwalwa

Domin a fahimci dabarar da ake magana a kai, sai an san cewa na'urar awo ta zamani gida biyu ce. Gida na farko shi ne mai taɓa wutar da ake aunawa: ya rage ta ko ya ƙara ta, ya gwada ta da wani tsayayyen ƙarfin wuta da ke cikinsa, sannan ya mayar da ita lamba. Gida na biyu shi ne ƙwaƙwalwa, wato furosesa, mai karɓar umarni daga maɓallai, ya yi lissafi, ya nuna sakamako.

Na'urorin farko ba su da wannan gida na biyu. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, ƙwaƙwalwa a kan ƙwayar silikon guda mai tiransista 2,300. Motorola 6800 ta biyo baya a 1974, Zilog Z80 a 1976, Motorola 68000 a 1979. Nan da nan kamfanoni irin su Hewlett-Packard da Tektronix da Fluke suka sanya irin waɗannan ƙwaƙwale a cikin na'urorinsu. A 1975 kuma aka amince da wata hanyar sadarwa da Hewlett-Packard ya ƙirƙiro, aka ba ta suna IEEE 488, wadda ke ba da damar haɗa na'urori har 15 a layi guda, kwamfuta tana ba su umarni.

Gidajen nan biyu ba su tsufa tare. Sashen awo, idan an ƙera shi da kyau, yana daɗewa, har ma tsayayyen ƙarfin wutar da ke cikinsa yakan ƙara natsuwa da shekaru, ya rage karkata. Da tsohuwar zuma ake magani. Mita samfurin 3458A da Hewlett-Packard ya fitar a ƙarshen shekarun 1980 har yanzu tana cikin waɗanda ɗakunan gwaji na duniya ke dogaro da su. Ƙwaƙwalwa kuwa da wuri zamani ke wuce ta. Ma'ajiyar da ke riƙe da umarnin na'urar tana iya fara mantuwa bayan shekaru masu yawa. A na'urori da dama, lambobin saitin awo suna ajiye ne a wata ma'ajiya mai rayuwa da ɗan ƙaramin batir, ranar da batirin ya mutu saitin ya tafi. Gilashin nuni yana dushewa. Sassan canji kuma suna ƙarewa a kasuwa: a 2024 kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera ainihin Z80 bayan shekara 48. Sau da yawa na'urar da aka jefar, ƙwaƙwalwarta ce kawai ta mutu, sashen da ya fi tsada yana nan da ransa.

Dasa sabuwar ƙwaƙwalwa

A watan Fabrairu na 2012 wata gidauniya a Kambirij ta Ingila ta fara sayar da Raspberry Pi a kan dala 35. Cikakkiyar kwamfuta ce da aka harhaɗa dukkan sassanta a kan fanel guda, girmanta bai wuce katin banki ba. An yi ta ne domin yara su koyi rubuta manhaja, amma masu gyara suka ga wani amfanin, domin tana da jerin ƙafafu da ake iya haɗawa kai tsaye da wasu na'urori. Ta farko tana gudu da megahaz 700, alhali Z80 ta farko ba ta wuce megahaz 2.5 ba. A 2015 aka fitar da ƙaramarta a kan dala 5.

Hanyar amfani da ita a tsohuwar na'ura hawa-hawa ce. Mafi sauƙi shi ne a bar na'urar yadda take, a haɗa ƙaramar kwamfutar da kafar IEEE 488 da ke bayanta, ta riƙa karɓar sakamako tana adanawa ko tana aikawa ta intanet. Sama da wannan, a maye gurbin mataccen gilashin nuni da maɓallai. Mafi wuya shi ne a zare ƙwaƙwalwar ɗungurungum, a sa sabuwar kwamfutar ta yi magana da sashen awo da kanta, ko kuma ta kwaikwayi tsohuwar ƙwaƙwalwar ta gudanar da ainihin umarninta. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutocin Amiga sun nuna haka mai yiwuwa ne da aikin PiStorm, inda Raspberry Pi ke zama a gurbin Motorola 68000.

Aikin yana da tarkuna. Tsofaffin na'urori da bolt 5 suke magana, ƙafafun Raspberry Pi kuwa bolt 3.3 suke ɗauka, in aka haɗa su ba tare da mai sassautawa a tsakani ba sai ta ƙone. Tsohuwar ƙwaƙwalwa aiki ɗaya ta sani, tana yin sa a kan lokaci daidai, sabuwar kuwa tana gudanar da Linux, mai raba hankali a kan ayyuka da yawa, don haka takan makara da ɗan ƙiftawar da ke iya ɓata awo. Saboda wannan ake sanya wata ƙaramar ƙwaya a tsakani mai kula da lokaci. Saurin sabuwar kwamfutar kuma yana haifar da hayaniyar lantarki da zafi, waɗanda ke iya shiga sashen awo su karkatar da shi. Sannan dole a kwafe lambobin saiti kafin a taɓa komai, a kuma samu taswirar na'urar, ko a zauna a bi layukan fanel ɗaya bayan ɗaya a zana ta.

Abin da ke gaban masu gyara a Kumasi

Kayan da wannan aiki ke buƙata ba baƙi ba ne a Kumasi. Tsofaffin kayan lantarki suna taruwa a hannun masu sayen ƙarafa a wurare irin su Dagomba Line, inda ake farfasa su domin tagulla da alminiyam. Ma'aunin mai sayen ƙarfe nauyi kawai ya sani, don haka na'urar da aka saya da dubban daloli a zamaninta tana iya tafiya a farashin kilo. Dokar da Ghana ta kafa a 2016 kan shara mai guba da ta kayan lantarki ta zo ne domin rage illar wannan farfashe da ƙone-ƙone ga lafiyar mutane, kuma duk na'urar da aka raya an rage abin da za a ƙona. A ɗaya gefen akwai ɗaliban injiniya na KNUST, da cibiyar Kumasi Hive da aka buɗe a 2016, inda matasa ke koyon haɗa ƙananan kwamfutoci da na'urori. A maƙwabta ma an ga misali: a 2013 wani matashi a cibiyar WoeLab ta Lome ya ƙera injin ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Ilimin da ake buƙata a rabe yake. Mai gyaran zango ya san fanel da dalma, ya san sashen da ke saurin mutuwa, amma a bakin ubangida ya koyi sana'a, ba a koya masa rubuta manhaja ba. Ɗalibin jami'a ya iya manhaja, amma sau da yawa hannunsa bai saba da tsohon fanel ba. Dasa ƙwaƙwalwa ba ya yiwuwa sai an haɗa su biyun, kamar yadda aka haɗa malaman jami'a da maƙera a Suame a 1980.

Yanayin wurin ma yana da nasa sharuɗɗa. Ghana ta sha fama da ɗauke wuta tsakanin 2012 da 2016, abin da aka yi wa laƙabi da "dumsor" a harshen Twi, ma'ana kashe-kunna. Tsohuwar na'ura in wuta ta ɗauke sai ta mutu, in ta dawo ta tashi lafiya. Ƙaramar kwamfuta kuwa a kan katin ajiya take rubutu, ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata shi. Mai dasa ta a Kumasi dole ya tanadi batir, ko ya tsara manhajar yadda ba za ta riƙa rubutu a katin ba, ya kuma yi la'akari da zafi da ƙurar hunturu.

Sharaɗi mafi girma shi ne na gaskiyar awo. Sabon gilashi mai launi yana iya nuna lamba shida a jere, dukkansu kuskure. Na'urar da aka sauya wa ƙwaƙwalwa sai an sake gwada ta da wata wadda aka tabbatar, ita ma waccan an gwada ta da wadda ta fi ta, har a kai ga ma'aunan Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, wadda tushenta ya faro daga 1967. Idan na'urar ta asibiti ce ko ta wurin da ake cinikin wuta ko mai, barin wannan mataki yana iya jawo asarar dukiya ko ta rai.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zangon Kumasi ya ginu ne a kan cinikin da ke buƙatar amintaccen awo, kuma birnin ya shahara da sana'ar raya abin da wasu suka yanke wa ƙauna. Sauya ƙwaƙwalwar na'urar awo da kwamfutar fanel guda ci gaba ne na abin da aka daɗe ana yi wa motoci a Suame: a riƙe sashen da ke da inganci, a canja wanda zamani ya wuce. Bambancin shi ne motar da aka sauya wa inji, hanya ce ke nuna ko aikin ya yi, na'urar awo kuwa ba ta nuna kuskurenta da kanta. Fataken dā sun warware wannan ta hanyar auna zinariya sau biyu, da duwatsun mai saye da na mai sayarwa. Mai gyaran yau ma, bayan ya rufe murfin na'urar da ya raya, aikinsa bai kammala ba sai ya ajiye ta kusa da wata amintacciya ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya.